Ƙwai ne ya maƙale ko lokaci ne bai yi ba? Muhawara kan macen tsakar damisa

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. An turo wata tambaya da ta cancanci a baje ta a faifai. Macen tsakar damisa ce, wannan ta kiwo mai fatar ido da jela mai kauri, wadda asalinta busassun wuraren Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya ne, ba tsakar bangon ɗaki ba. Watanta 10, nauyinta giram 41 ranar da aka haɗa ta da namiji. Yau kwana 25 da barbara. Ana hango ƙwai biyu farare ta fatar ciki. Kwana 6 ba ta ci ba, takan yi tono a kusurwa ta bari. Takarda ce shimfiɗar kejin, kuma har yanzu namijin yana ciki. Mai tambaya yana son sanin ko a jira ko a nemi likita. Malam Mai Sikeli, Hajiya, Dakta, bismillah.

Malam Mai Sikeli:
Wa alaikumus salam. Kafin komai a cire namijin yau, ba gobe ba. Barbara ɗaya ta isa, domin macen tana ajiye maniyyi a jikinta ta yi ta saka ƙwai masu rai da shi har ƙarshen kakar saka ƙwai. Zamansa ba ya ƙara komai sai cizo a wuya da hana ta sakat.

Na biyu, ba ta da inda za ta saka. Tsakar da ba ta sami ƙasa mai laima ba tana iya riƙe ƙwai da gangan, wannan tonon da take yi a kan takarda neman wuri ne. A samo robar abinci mai murfi, tsawonta kamar santimita 20, faɗi 15. A huda ƙofa mai faɗin santimita 5 a murfin, a goge bakin kada ya yanke ta. A zuba niƙaƙƙen ɓawon kwakwa ko ƙasa mai tsabta wadda ba taki ba maganin feshi, zurfin santimita 6 zuwa 8. Gwajin laima shi ne a dunƙula a hannu: ta dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. A ajiye robar tsakanin ɓangaren ɗumi da na sanyi. A auna zafin ƙasan kejin, ɓangaren ɗumi digiri 31 zuwa 33, na sanyi 24 zuwa 26. Daga nan a rufe gefen kejin da zane a ƙyale ta. Yawan buɗewa ana leƙe shi kansa yana hana ta sakawa.

Yawanci ƙwai na fita tsakanin kwana 16 zuwa 22 bayan barbara, don haka 25 ya ɗan wuce, amma ba a ba ta dama ba tukuna.

Dakta Likitan Dabbobi:
Malam ya yi gaskiya a kan robar nan, wato akwatin saka ƙwai, amma kada lissafin kwanaki ya ɗauke mana hankali. Tunda namijin yana tare da ita duk wannan lokaci, ba wanda ya san ranar da ƙwan ya fara, kuma yadda take ya fi kalanda muhimmanci. Mai ciki lafiyayya ko ta daina ci idonta a buɗe yake tar, tana ɗaga jiki a kan ƙafafunta, tana kewaya keji, in an taɓa ta ta zabura. Barin abinci na 'yan kwanaki kafin sakawa ba abin tsoro ba ne, ƙwan ne ya cika mata ciki.

Wadda ƙwai ya maƙale wa daban take. Ido ya faɗa ko kullum a lumshe, tana kwance ruf da ciki, ƙafafun baya na jan ƙasa ko rawa, tana yunƙuri ba abin da ke fita, jela na ramewa cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ruwa mai wari ko tsoka ja ta leƙo daga dubura. In an ga ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba zancen jira. In ba ko ɗaya, a ba ta awa 48 da akwatin da Malam ya faɗa. Akwai kuma wata alama da ake yawan rainawa: ta saka ƙwai ɗaya, ɗayan yana ciki. Tazarar yini ko biyu tana faruwa, amma in ya wuce haka ana hango shi, a kai ta.

Sabon Shiga:
Dakta ranka ya daɗe, ana cewa a jiƙa ta a ruwan ɗumi a riƙa shafa cikin zuwa ƙasa har ƙwan ya fito. Wasu ma na ɗiga man zaitun a dubura. Ya abin yake?

Dakta Likitan Dabbobi:
Jiƙawa ba laifi, ƙanina: ruwa mai digiri 29 zuwa 30, zurfinsa iya cikinta kada ya kai hanci, minti 10 zuwa 15, kana tsaye a kanta. Amfaninsa ta sha ruwa, jiki ya saki. Matsa ciki kuwa kada a kuskura. Ƙwan tsakar damisa ba irin na tsakar ɗaki ba ne mai tauri kamar tsakuwa. Ɓawonsa laushi gare shi kamar fata, kuma bututun da yake ciki siriri ne ƙwarai. In ƙwan ya fashe ko bututun ya yage, gwaiduwa ta malale cikin ciki, ta haddasa kumburi da ruɓa, wanda ya fi maƙalewar kisa. Mai a dubura ba ya isa inda ƙwan yake, datti kawai yake tarawa.

Hajiya Mai Ƙyanƙyasa:
Ni inda hankalina ya tsaya shi ne giram 41 da wata 10. Nan aka yi kuskuren, sauran duk biyo baya ne. Ƙwai ɗaya tsawonsa ya kusa santimita 3, ga su biyu, a cikin dabbar da ƙugunta bai gama buɗewa ba kuma ƙashinta na neman kalsiyam don nata girman. Ba sau ɗaya za ta yi ba. Duk mako biyu zuwa uku wasu biyun na tafe, sau biyar, sau shida, har takwas a kaka guda. Kada a haɗa mace sai ta cika shekara kuma ta kai giram 50, jelarta ta kusa kaurin wuyanta. In ta kai shekara ɗaya da rabi ya fi.

Baban Ilham:
Hajiya, a nan zan ɗan saɓa miki. Masu kiwo da yawa a Amurka da Turai giram 45 suke ɗauka, kuma suna samun lafiya. Sannan sikeli kaɗai yana ruɗi. Wata za ta kai giram 75 amma duk kitse ne, saboda tsutsa mai maiƙo da ake ɗura mata. Irin wannan ita ma ƙwai na maƙale mata, domin kitsen ciki ya matse hanya, tsokarta kuma ba ƙarfi, hantarta ta yi kitse. A duba jiki gaba ɗaya: ƙafafu miƙaƙƙu, muƙamuƙi mai tauri, tafiya ciki a ɗage, jela cike amma ba ta fi kai faɗi ba.

Hajiya Mai Ƙyanƙyasa:
Maganar ƙiba na karɓa, Baban Ilham. Amma giram 45 ga wanda ya san hannunsa ne, mai auna dabba duk mako da likita a kusa. Wanda bai ma san akwatin saka ƙwai ba, gara a ba shi 50 ya tsaya a kai. Giram biyar ɗin nan wata ɗaya ko biyu ne kawai na haƙuri.

Malam Mai Sikeli:
Ku bar ni in yi maganar kalsiyam da kyau, don shi ne tushen yawancin abin da muke gani. Aiki biyu yake yi a nan: da shi ake gina ɓawon ƙwai, da shi kuma tsokar bututun ƙwai ke matsawa ta turo. In ya yi ƙaranci, jiki ya kwaso daga ƙashi. Sai a sami ƙwai mai ruɓus-ruɓus, uwa mai ƙafa lanƙwasasshe da baki mai laushi kamar roba, ga ƙwai a ciki ba ƙarfin turowa. In ƙashin ƙugu ya riga ya lanƙwashe, wannan macen ta gama haihuwa har abada, ko an gyara abincinta.

Matsalar ita ce ƙwarin da muke ba su, gyare da tsutsar dusa da kyankyaso, fosfarasu ya fi kalsiyam ninki da yawa a jikinsu, alhali dabbar tana son kalsiyam ya ninka fosfaras kamar sau biyu. Don haka ƙwaron ma sai an ciyar da shi awa 24 zuwa 48 kafin a miƙa shi, da karas da kabewa da ganye mai duhu kamar zogale. Sai a zuba ƙwarin a leda da ɗan garin kalsiyam a girgiza, su yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, ba kamar an tsoma su a kwaɓi ba, a ba ta nan take kafin su kakkaɓe. Mai ƙwai kusan duk ci sai da kalsiyam. Kalsiyam mai haɗe da bitamin D3 sau ɗaya ko biyu a mako, gaurayen bitamin mai ɗauke da bitamin A sau ɗaya a mako ko mako biyu. A bar murfin kwalba cike da kalsiyam zalla, marar D3, a cikin keji. Za ka ga mai ƙwai tana lasarsa da dare. Tsutsar baƙin ƙuda tana da nata kalsiyam mai yawa, tana da kyau a gauraya.

Fara da gyaren da aka kamo a gona ko bayan gida a bar su, saboda maganin feshi da tsutsar ciki.

Baban Ilham:
Ƙarin bayani kan D3, Malam. Idan akwai fitilar UVB, mai ba da irin hasken rana da fata ke haɗa D3 da shi, mai rauni, kashi 5 zuwa 7, da wurin ɓuya, jikinta na haɗa nasa D3, sai a rage na gari zuwa sau biyu a wata. D3 yana taruwa a jiki, in ya yi yawa kalsiyam ya daskare a ƙoda da jijiyoyi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya cikin lissafi, gilashi na tare shi. Kuma a kula da zabiya, idonsu ba ya jure haske mai ƙarfi.

Sabon Shiga:
To in an kai ta asibiti me za a yi mata? Ba allurar naƙuda ce kawai ba? Ai ana samunta a kemis.

Dakta Likitan Dabbobi:
Don Allah kada kowa ya sayi allurar nan ya yi da kansa. Ga dalili. Maƙalewa iri biyu ce. Akwai wadda hanya a buɗe take, ƙarfi ne babu, saboda ƙarancin kalsiyam ko sanyi ko rashin ruwa. Akwai wadda hanya ce a toshe: ƙwai ya yi girma, ko ya karkace, ko biyu sun manne, ko ƙugu ya tsuke. Allurar naƙudar, wato oksitosin, tana sa bututu ya matsa. In hanya a toshe take, matsawar yaga shi za ta yi. Shi ya sa ake fara hoton ƙashi ko sikanin, kodayake ƙwansu ba ya fitowa sosai a hoton ƙashi saboda laushin ɓawo. In hanya a buɗe take, a fara ɗumama ta, a ba ta ruwa, a yi allurar kalsiyam, sannan oksitosin. Ko a hakan ba ta aiki ga ƙadangaru kamar yadda take yi ga kunkuru, kuma ta fi tasiri a kwana biyu ko uku na farko. Wanda ya jira mako biyu ya riga ya rufe wannan ƙofar.

In ba ta yi ba, wani lokaci likita kan zuƙe abin cikin ƙwan da allura ya motse ya fita. In ba hali, tiyata. A cire ƙwan tare da bututun da ma'ajiyar ƙwai gaba ɗaya. In aka cire bututu aka bar ma'ajiyar, za ta ci gaba da sakin gwaiduwa cikin ciki. Dabba mai giram 40 da ta rame ba ta jure maganin barci kamar wadda aka kawo da sauran ƙarfinta, shi ya sa nake ta nanata a zo da wuri.

Akwai wata cuta kusa da wannan da ake ruɗewa da ita: gwaiduwa ta taru a ma'ajiya, ba ta sauko ta zama ƙwai ba, jiki kuma bai shanye ta ba. Ta fatar ciki za ka ga da'ira-da'ira masu ruwan hoda ko rawaya, ba dogayen farare ba. Ganin da'ira ɗaya ko biyu a farkon kaka al'ada ce. In suka yi yawa, suka daɗe makonni, ciki na kumbura tana ƙin ci, wannan akwatin ƙasa da oksitosin ba sa yi masa komai. Kuma mace ko ba ta taɓa ganin namiji ba tana iya yin ƙwai marar rai, ya kuma maƙale mata. Don haka duk baligar mace tana buƙatar akwatin laima.

Maman Sadik:
Dakta, a ƙara da toshewar hanji, don shi ma kumburin ciki da ƙin ci yake kawowa. Wadda ke kan yashi, musamman in kalsiyam ya yi mata ƙaranci, takan lashi yashin. Bambancin a ido: ƙwai fari ne dogo, ɗaya a kowane gefe, ɗaya ya ɗan fi ɗaya gaba. Toshewa tabo ne mai duhu, ga rashin kashi ko kashi mai yashi. Hanya mai sauƙi ta dubawa ita ce a sa ta a roba mai haske a leƙa ta ƙasa da tocila. Kada a kifar da ita rigingine, kada a riƙe jela, tana yar da ita, kuma mai ƙwai da ta rasa jela ta rasa rumbunta.

In tsoka ta fito ta dubura bayan yunƙuri, a ɗora ta kan takarda mai laushi da aka jiƙa, a riƙa jiƙa wurin da ruwan sukari don kumburi ya ragu, a kai ta ranar. In tsokar ta bushe ta yi baƙi ta mutu ke nan.

Hajiya Mai Ƙyanƙyasa:
Mu ɗauka Allah ya sa ta saka. Za ka ga ƙasar akwatin an tara ta gefe guda, cikin uwar ya saɓule. A tona a hankali da yatsa. A ɗiga alama da fensir a saman kowane ƙwai, a ɗauke shi yadda yake kwance, kada a juya, domin ɗan tayin yana mannewa a sama kuma juyawa na iya kashe shi. In biyun sun manne da juna a bar su haka. In a kwanon ruwa ta saka, alama ce akwatin bai yi mata ba, ya bushe ko ya yi zafi. A tsamo da sauri a gwada, amma kada a sa rai sosai.

Abin kwanciyar ƙwai: bamikulait, wani ma'adini mai riƙe laima, da ruwa daidai wa daida a sikeli, giram 100 da giram 100, ba a kofi ba. In falait ne, wato wani farin ma'adini marar nauyi mai irin wannan aiki, giram 100 da ruwa giram 80. A binne rabin ƙwan, a rufe robar, a buɗe sau ɗaya a mako iska ta shiga. A auna nauyin robar gaba ɗaya ranar farko, duk abin da ya ragu ruwa ne, a mayar da shi ta gefe ba a kan ƙwan ba. Ƙwai mai rai cikin 'yan kwanaki zai yi tauri, ya yi fari kamar alli, in an haska tocila a ga jan zobe da jijiyoyi, kuma yana ƙara girma. Baragurbi rawaya ne, lagwab-lagwab, ya yi fumfuna ya yi wari. Na farkon sabuwar uwa sau da yawa baragurbi ne. Duk da haka kada a yar da ƙwai sai ya yi wari ko ya motse sarai. Lotsawa a tsakiyar lokaci bushewa ce, a ƙara laima. Lotsawa da gumi a ƙarshe kuwa ƙyanƙyasa ce ta zo, kada a taɓa.

Baban Ilham:
Zafi kuma shi ke zaɓar jinsi, abin da ɗakin binciken David Crews a Jami'ar Texas ya yi shekaru yana nazari a kan wannan dabbar. A digiri 26 zuwa 27 kusan duk mata ne, kuma sai an kai wata biyu ko fiye. A 29 zuwa 30 gauraye. A 31 zuwa 32 da rabi maza sun fi yawa, su fito cikin kwana 35 zuwa 45. In ya kai 34 sai ya koma mata, ga yawan mutuwa a ƙwai. Makonnin farko ne ke yanke wannan hukunci.

Ga wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu da zafi ke haura 40, aikin ba ɗumamawa ba ne, sanyayawa ne. Na'urar da ɗumi kawai take bayarwa ba ta da amfani a lokacin. A sa robar ƙwan cikin kula, a jera gorunan ruwa a rufe kewaye da ita don zafi ya daina hawa da sauka, a ajiye a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, kusa da randa in akwai. Ƙanƙara kada ta taɓa robar. A sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, a gwada kular mako guda kafin ƙwai ya zo. Da hunturu kuma akasin haka, sanyin dare da bushewar iska, ga ɗauke wuta. Duk abin ɗumamawa sai da na'urar da ke kashe shi in ya kai iyaka.

Dakta Likitan Dabbobi:
Abu biyu da ya kamata a duba tun kafin barbara. Na farko kirifto, ƙwayar cutar hanji da ke sa jela ta koma kamar tsinke, da gudawa da amayar da abinci ko saɓa. Ba ta da maganin da ke kawar da ita, ragewa kawai ake yi, kuma bilic ba ya kashe ta. Wahalar ƙwai tana tayar da ita ga wadda ke ɗauke da ita a ɓoye, sai a ɗauka ramar haihuwa ce. Duk sabuwar dabba a killace ta kwana 90 da kayanta daban, a gwada kashinta. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa su, saboda salmonela, ƙwayar cuta mai sa mutum gudawa, musamman inda akwai yara.

Na biyu iri. Irin launin da ake kira Enigma na gadar da ciwon ƙwaƙwalwa: juyi a wuri ɗaya, karkata kai, kasa cafke abinci, kuma uwa ko uba ɗaya ya isa ya gadar. Irin da ake kira Lemon Frost kuma na fitar da ƙari a fata, binciken da aka wallafa a 2021 ya danganta shi da ƙwayar halitta SPINT1. Waɗannan biyun ban ga hujjar hayayyafa su ba, komai kyan launi. Namiji ma a duba gindin jelarsa bayan barbara, al'aurarsa kan fito ta ƙi komawa, kuma kulawarta ɗaya da ta fitar dubura.

Malam Mai Sikeli:
Saura uwar bayan ta saka, don a nan ake sakaci, hankali ya koma kan ƙwai. A auna ta ranar, a rubuta. A ba ta ruwa, washegari a fara ciyar da ita kullum iya cinta, da kalsiyam. Tana da kamar mako biyu ta mayar da abin da ta rasa kafin na gaba su cika mata ciki. Wannan ta giram 41 ba yadda za a yi a tsayar da ita tunda maniyyin yana jikinta, sai dai a tallafa mata har kakar ta wuce. In nauyinta bayan kowace sakawa yana ƙasa da na baya sau biyu a jere, ko ƙashin ƙugu ya fara bayyana, a kai ta ga likita ko da ƙwai na fita lafiya. Badi kuma a hutar da ita gaba ɗaya.

Mai Kula da Zaure:
Mai tambaya ya ce an raba su, an sa akwatin, idonta a buɗe yake kuma tana tafiya da ƙafafunta. Ya kuma gano ƙasan ɓangaren ɗumi digiri 27 ne kawai.

Dakta Likitan Dabbobi:
To ga wani dalilin nan. A ɗaga shi zuwa 32 a hankali cikin yinin yau, a auna a kan shimfiɗar ba a iska ba. Awa 48 ta fara daga yanzu. A nemo lambar likitan da ke duba dabbobi masu rarrafe tun yau a ajiye, don ba kowane asibitin dabbobi ke karɓarsu ba. In za a tafi da ita, a sa ta a ƙaramar roba mai huji da takarda mai laima, a riƙo kashinta na ƙarshe a leda da robobin kalsiyam da bitamin da ake ba ta.